Kajina sun yi kitse sun daina ƙwai: ciwon tayirod ne?

Tambaya daga wata mai kiwo a Tudun Wadan Zariya: Malam, kajin ƙwaina sun yi ƙiba, ƙwai ya ja baya. Ɗana da ke karatu a Samaru ya ce akwai kajin da garkuwar jikinsu ke cinye musu tayirod. Ko shi ne ya same su?

Hajiya, yaron bai yi ƙarya ba, amma da wuya a ce shi ne. Kajin da yake nufi na bincike ne. Wani masani, Randall Cole, shi ya ware su a Jami'ar Cornell ta Amurka daga cikin fararen kajin Leghorn, ya yi ta haɗa masu alamar ciwon da junansu har ciwon ya zama gado.

Tayirod 'yan ƙulluttai biyu ne a gindin wuyan kaza, su ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci. A irin waɗannan kaji, makonni biyu zuwa uku bayan ƙyanƙyasa sojojin jiki, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, sukan yi wa tayirod ɗin rubdugu kamar baƙo ne, kafin wata biyu sun lalata shi. Sai ki ga kaza 'yar tsurut amma kitse jibge a ciki, gashinta dogo mai santsi, ga jin sanyi, ga ƙarancin ƙwai. Ana nazarinsu ne don ciwon ya yi kama da wani ciwon tayirod na mutane da ake kira Hashimoto. Abin da ya fi ba ni sha'awa: in aka cire wa ɗan tsako jakar nan ta kusa da dubura, wadda cutar Gumboro ke kamawa, ciwon yakan yi sauƙi, domin can ake renon sojojin da ke harba wa tayirod ɗin makamai. Yawan sinadarin aidin kuwa ƙara rura shi yake yi, don haka kada wani ya sa ki zuba musu aidin da ka.

Naki kajin sun girma lafiya, daga baya suka yi kitse. Abinci nake zargi. Masara ta yi yawa, ko ana ba su na kajin nama? Kazar ƙwai giram 110 zuwa 120 ya ishe ta a rana, da haske na awa 16. A yanka ɗaya a duba hanta: in ta yi rawaya tana marmashewa, kitse ne. In mutuwa ta shigo, ki kai gawa ɗaya asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello tun ba ta lalace ba.