Filin Tambaya da Amsa: Ƙiba ta tafi ta dawo, ta ina zan sake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekaruna 38, 'ya'yana biyar. Shekara biyu da suka wuce aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya fara hawa, nauyina kilo 94, aka ce in rage. Sai na daina cin tuwon dare gaba ɗaya, da rana kuma sai kwaɗon zogale ko rama. Cikin wata huɗu na sauko 83. Daga nan bikin ƙanwata ya taso, ga azumi ga Sallah, na koma cin komai. Yanzu 96 nake, har na zarce na da. Gwiwoyina suna ciwo, kuma wallahi na karaya. Ta ina zan faro?
*Mai karatu daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Jahun*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Abin da ya same ki shi ke samun mafi yawan masu rage ƙiba, kuma dalilinsa yana cikin jiki. Idan mutum ya zubar da kilo goma cikin ɗan lokaci, jiki yakan ɗauka fari aka shiga, sai ya fara tattali. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, shi ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa rumbu a cike yake, kuma kitse na raguwa shi ma yana raguwa. Akwai kuma girelin da ciki ke fitarwa, mai tayar da yunwa, shi kuwa ƙaruwa yake yi. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2011 ya nuna cewa ko bayan shekara guda da rage nauyi, waɗannan sinadarai ba su koma yadda suke ba, mutanen suna jin yunwa fiye da da. Ga shi kuma jiki mai kilo 83 bai kai mai kilo 94 buƙatar abinci ba. Yunwa ta ƙaru, buƙata ta ragu, sai kika koma wa tsohon kwanonki. Dole nauyi ya hau.

Hanyar da kika bi ma ta taimaka wa matsalar. Ba mai iya rayuwa a kan kwaɗo da kwanan yunwa har abada. Kuma wanda ya rame ba tare da wake, ƙwai, kifi ko nono ba, har da tsoka yake zubarwa, ita kuwa tsoka ta fi kitse cin abinci ko mutum yana zaune. Idan nauyin ya dawo, yawancinsa kitse ne. Don haka muna roƙonki, wannan karon kada ki ƙara tsanantawa. Abin da ba za ki iya yi ranar biki da ranar girkinki ba, kada ki fara shi.

Ki manta da 83 tukuna. Ki sa kilo 5 a gaba, cikin wata uku, wato wajen rabin kilo a mako. Kada ki raina shi. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana sauke hawan jini da sukarin jini. A wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari da aka ɗora a kan rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Gwiwa kuma, duk kilo ɗaya da ya fita yana ɗauke mata nauyin wajen kilo 4 a kowane taku.

Makon farko kada ki rage komai, ido kawai za ki sa. Duk abin da ya shiga bakinki a rubuta, ko 'yarki ta makaranta ta rubuta miki, ko ki naɗa a waya. Yawancin mata a nan suke gano cewa abin ba a kwanon tuwo kaɗai yake ba: ɗanɗanon miya, ragowar yara da ake jin asarar zubarwa, ƙanzo, gyaɗar da ake jefawa baki ana ɓara, ƙosai ko awarar da ta fashe a kasko in mace tana sana'ar suya. Tafin hannu ɗaya na gyaɗa ya kai kalori 170 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma ba wanda ke lissafa shi a abinci.

Daga mako na biyu, abu uku za ki riƙa aunawa.

Mai shi ne kan gaba, don cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Kwalba mai santilita 75 cokali 50 ke cikinta. Ki ƙirga kwana nawa take yi a gidanku, ki raba da yawan masu ci, za ki ga rabon kowa. A kan shinkafa da wake, ɗanwake ko dambu, kada ki tsiyaya daga kwalba, ki auna cokali ɗaya. Wadda ta saba zuba uku ta koma ɗaya ta rage kalori 240 a zama guda, kusan rabin 500 ɗin da ake so a rage a yini, ba tare da ta rage ko loma ba.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi kyau kada ya wuce ƙananan cokula 6 a yini, wajen giram 25, har da na koko, kunu, fura da zoɓo. Ki riƙa rage rabin cokali duk mako, harshe yana sabawa. Zuma ma a wannan lissafin take.

Na uku tuwo. Ki ci tuwonki na dare, amma a kwanonki ke kaɗai, don ba a iya awo a kwanon tarayya. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunki, miya kuwa ki ninka ta, kuka ko kuɓewa ko taushe mai ganye da kabewa, mai kaɗan, sinadarin dunƙule na miya kaɗan saboda hawan jininki. A kowane abinci ki sami abin gina jiki: wake, alale, dafaffen ƙwai, kifi, awarar da aka sa a miya ba soyayya ba, ko nono tsala. Su ne ke riƙe ciki. Kwaɗon zogalen nan ki ci gaba da shi, amma ki fara da shi kafin tuwo, ƙuli-ƙulin daidai misali.

Motsa jiki ba sai kin fita ba. Ki zagaya tsakar gida da sauri minti goma bayan asuba, goma bayan la'asar, goma bayan isha'i. Kwana biyar a mako ya ba ki minti 150. Saurin da ake so shi ne wanda za ki iya magana amma ba ki iya waƙa. Daka, surfe da jan ruwa a rijiya duk suna cikin lissafi, kuma suna riƙe tsoka. Don gwiwa, ki zauna a bakin gado ki miƙe ba dafawa, sau goma, ki huta, ki sake goma. In gwiwar ta kumbura ko ta yi zafi, a duba ta kafin ki ci gaba.

Sai maganar karaya, wadda ita ce ainihin tambayarki. Kuzarin farko baya wuce 'yan makonni ga kowa, abin da ke riƙe mutum shi ne ya ga shaida da idonsa. Ki ajiye gwangwani, duk ranar da kika auna mai kika yi zagayenki ki jefa ƙwayar wake ɗaya. Biyar a mako ya isa. Wannan a hannunki yake, sikeli kuwa ba kullum yake faɗin gaskiyar kitse ba, don gishiri, kumburin ciki ko gabatowar al'ada kan ƙara kilo ɗaya zuwa biyu na ruwa. Kilo ɗaya na kitse sai an ci rarar kalori wajen 7,700, abincin biki ɗaya ba ya kai haka. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a sikeli guda. In asibiti da nisa, ki yanki igiya daidai tsawonki, ki ninka biyu, ki zagaya cikinki da ita ɗan sama da cibiya. Burin shi ne bakin biyu su haɗu, kuma duk wata za ki ga giɓin yana raguwa.

Biki da suna ba za su ƙare ba. Ki ci ɗan wake ko ƙwai kafin ki fita, a can ki ci faranti ɗaya, ki zaɓa tsakanin waina da lemon kwalba. Abin da ke rusa mutane shi ne cewa "tunda na ɓata yau, sai bayan Sallah." Abinci na gaba ki koma awonki, kada kuma ki rama da yunwa washegari. In kin kai inda kike so, ki ja wa kanki iyaka: nauyi ya ƙaru da kilo 2, a makon nan a koma rubutu da awo. Kilo 2 abin wata guda ne, 13 kuwa kin ga yadda yake.

Mun san kuma za a yi magana, a ce kin lalace, ko maigida ba ya ciyar da ke. Ki riga su: ki gaya wa maigida da surukarki cewa asibiti ne suka sa saboda hawan jini. In kin sami abokiyar zama ko maƙwabciya ku yi zagayen tare, ya fi ɗorewa. Maganin hawan jini, in an ba ki, kada ki daina don nauyi ya sauka sai wanda ya rubuta ya ce.

Tambaya: Ni manomi ne, shekaruna 46. Duk damina nakan rame har wando ya yi mini yawa, amma da kaka ta yi sai tumbi ya dawo, kuma kowace shekara ya fi na bara. Ba na cin abinci fiye da da. Mene ne dalili?
*Magidanci daga karkarar Sumaila*

Amsa: Malam, dalilin yana cikin maganarka: kana ci kamar da, amma ba ka aiki kamar da. Cikin da ya saba da abincin mai noma da huɗa bai san an gama girbi ba. Da rani sai zaman majalisa da hawan babur, ga kuɗin amfanin gona a aljihu, ga mai shayi da mai tsire a kusa.

Ka duba abin sha kafin abin ci. Lemon kwalba mai zaƙi irin Coca-Cola, na santilita 35, sukarinsa ya kai ƙananan cokula 9, na roba mai 50 kuwa 13. Tafiyar sauri ta rabin awa da ƙyar take ƙone ƙaramar kwalbar nan. Shayi mai kauri da madara da cokula huɗu ko biyar na sukari, safe da dare, ga burodi, shi kaɗai ya isa ya gina tumbi. Ka ce wa mai shayi cokali ɗaya, ka tsaya ka ga ya zuba. Fura a dama ta da tsala ba sukari. Tsire da balangu a zaɓi tsoka a bar kitsen.

Ranar da aka kai hatsi rumbu, ranar ce za ka rage kashi ɗaya cikin uku na tuwonka, kada ka jira sai wando ya matse. Hadisi ma ya raba ciki uku, na abinci, na ruwa, na numfashi. Duk tafiyar da ba ta wuce ta minti ashirin a ƙafa ba, ka bar babur a gida, ko ka hau keke. Mai fadama ko lambu ya riƙe noman rani da hannunsa.

Ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka. Ga namiji, inci 37 gargaɗi ne, 40 haɗari ne babba, don kitsen ciki shi ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini. A shekarunka ya kamata a auna jininka da sukarinka ko ba ka jin komai. In kuwa wata shekara ka ga rama ta zo ba aikin gona, tare da ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari ya wuce mako biyu, wannan ba ramar murna ba ce, ka je asibiti.

Tambaya: Kafin in yi ciki na rage ƙiba sosai, bayan jego duk ta dawo. Jaririna wata uku, ina shayarwa. Wata ƙawata tana sayar da shayin rage tumbi, in sha?
*Mai jego daga wajen Gumel*

Amsa: A'a ƙanwata, kada ki sha. Yawancin irin shayin nan ganyen sa gudawa ne, dangin filasko, wani kuma da maganin sa fitsari. Ruwa suke fitarwa, kitse na nan, kwana biyu nauyin ya dawo, ke kuma mai shayarwa ruwan nan kike buƙata. An sha kama wasu kayan rage ƙiba da aka ɓoye musu sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya.

Shayarwa kanta tana cin kalori wajen 500 a yini, don haka ba sai kin yi yunwa ba. Ki ci sau uku, ki rage sukarin kunu da mai da soye-soye, ki riƙe wake, ƙwai, nono da ganye, ki yi zagaye da goyonki. Rabin kilo a mako ba ya taɓa ruwan nono, fiye da haka ki sassauta. In kina shan kunun kanwa har yanzu ki daina, gishirin cikinta yana tara ruwa a jiki, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi da ciwon zuciyar masu jego.

Ki kuma tabbatar ƙiba ce ba kumburi ba. Ki danna ƙaurinki da yatsa na daƙiƙa biyar, in ya bar rami, musamman in kina haki ko ba kya iya kwanciya sai kin tada kai da matashi, a kai ki asibiti a ranar. Sannan ki ɗauki duk magungunan da kike sha ki nuna a ranar rigakafin yaro. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ƙara wa wasu mata nauyi, haka ma ƙwayoyi irin deksametason da firedinisolon da ake saye a kemis don ciwon jiki. In kin daɗe kina shan waɗannan biyun kada ki yanke su lokaci guda, ma'aikacin lafiya ne zai rage miki su a hankali.