Tambayoyinku: jinjirin da jikinsa ba ya karɓar madarar shanu

Wata uwa daga Birni ta ce: "Lokotoro ɗana wata 4 ne, tunda na fara ba shi madarar gwangwani a bibiro sai amai da zawo da ƙuraje a kumatu, jiya har ɗigon jini na gani a kashinsa, kakarsa ta ce haƙori ne."

Hajiya sannu, Allah ya ba shi lafiya. Haƙori ba ya sa jini a kashi. Ki kai shi asibiti a duba shi, amma abin ya yi kama da jikinsa ne ke faɗa da furotin ɗin madarar shanu, kuma yawancin madarar gwangwani daga ta shanu ake yinta. Ki mayar da shi ga mama zalla har ya cika wata 6. In bai lafa ba ke ma ki bar nono da kindirmo da cuku da shayi mai madara na sati 2 zuwa 4 mu gani, don yana bi ta cikin mamanki. In mama bai isa ba akwai madara ta musamman a farmasi da aka farfasa furotin ɗinta, tana da tsada gaskiya, kuma likita ne zai rubuta miki.

Wani baba daga Mirya: "To in na tafasa sosai, ko in ba shi ta akuya?"

Malam a'a wallahi, nan ne mutane ke cutar da yara ba su sani ba. Tafasa ƙwayar cuta take kashewa, furotin ɗin yana nan, kuma ta akuya da ta tunkiya kusan iri ɗaya ne da ta saniya. Ta waken soya ma ba ma son a ba jinjirin da bai kai wata 6 ba. In yaron yana shan Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗan nan da ake ba yara masu tamowa, ku gaya wa ma'aikatan asibiti, akwai garin madara a ciki.

Wata daga Zango: "'Yata shekara 2, har abada ba za ta sha fura da nono ba kenan?"

Ki kwantar da hankalinki, yawancinsu yana barinsu kafin shekara 5. A dama mata fura da ruwa, a yawaita zogale da miyar kuka da riɗi saboda ƙashi. Gwajin sake ba ta madara likita zai tsara, kar ki gwada a gida in ta taɓa kumbura. In kika ga borin jini da leɓe ya kumbura ko numfashi na sarƙewa bayan ta sha, ki ɗauke ta sai asibiti nan take ko da tsakar dare ne, allurar adrenalin take buƙata.