Iskoki a labarin matan Maraɗi

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki saka iskoki a labarinki na matan Maraɗi ba tare da ya koma tatsuniya ba. Kada ki bari kowa cikin labarin ya yi mamaki. In kakar da ta rasu ta dawo da asuba, jikarta ta miƙa mata taɓarya kawai, su ci gaba da daka gero suna zancen sadaki.

Sai dai iskar ta ɗauki abin da mace ba ta iya faɗa a fili, rashin haihuwa ko auren dole. Na taɓa saka aljana don ado kawai, masu karatu suka tsallake ta. A Maraɗi, garin da Iya, mace mai sarauta a fadar sarki, ke shugabantar 'yan bori tun da can, ba ki rasa abin ɗiba.