Amsa ga yarona a kan saƙonnin tallan da ba a buɗewa

Ɗana, na ga saƙonka na daren Litinin, inda ka ce: "Maigida, na aika tallan sabuwar shaddar da Hajiya ta kawo zuwa adireshin imel dubu huɗu, amma waɗanda suka buɗe ba su kai ɗari ba, kuma ko mutum ɗaya bai kira shago ba. Wane irin take zan riƙa sa wa saƙon domin a buɗe?" Na ga ya fi dacewa in amsa maka a rubuce, domin idan muka zauna a ofishinmu na Agege, ƙarar janareto da shige da ficen mutane ba sa barinmu mu kai ƙarshen magana.

Ka yi tambaya a kan take, amma ni daga adireshin nan dubu huɗu zan fara, domin na ga fayil ɗin a kwamfutarka, kuma na san saye ka yi. Mutanen da ke cikinsa ba su san Hajiya ba, ba su taɓa taka shagonta na kasuwar Balogun a Legas ba, kuma ba su ce a aiko musu da komai ba. Kafin mutum ya karanta taken saƙo, sunan wanda ya aiko yake fara dubawa, kamar yadda kai ma idan wayarka ta yi ƙara sai ka ga lambar mai kira kafin ka yanke shawarar ɗauka. Idan sunan baƙo ne, komai kyawun taken, da wuya a kula shi, balle a wannan gari da kowa ya ƙoshi da saƙonnin 'yan damfara.

Ni ma na taɓa yin abin da ka yi. A farkon shigata wannan sana'a ta tallata kayan mutane ta imel na sayi irin wannan fayil a hannun wani yaro a Ikeja, na yi wa wani mai sayar da turare aiki da shi. Cikin mako biyu sai ya kira ni ransa a ɓace, domin hatta takardar lissafin kuɗin da yake aika wa tsofaffin abokan cinikinsa ta koma faɗawa akwatin tarkace, wanda Gmail ke kira Spam. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, kamfanonin da ke ba mutane akwatunan imel, irin su Gmail da Yahoo, suna riƙe da tarihin kowane mai aikowa, kuma duk lokacin da wani ya danna cewa saƙonka tarkace ne, ko saƙon ya dawo saboda adireshin ya daɗe da mutuwa, darajarka a wurinsu ce take raguwa. Na ɓata wa mutumin suna a wurin da ba ya iya zuwa ya ba da haƙuri, kuma sai da aka ɗauki watanni kafin al'amarin ya daidaita.

Yanzu ma abin ya fi tsanani. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara ƙa'idojinsu. Gmail yana so ƙorafin tarkace a kan mai aikowa ya tsaya ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu. Ka yi lissafin da kanka: idan saƙonninka dubu huɗu duk sun shiga akwatunan Gmail, mutum goma sha biyu kacal ne za su danna ƙorafi ka kai iyaka. Wanda kuma yake aika saƙo dubu biyar ko fiye a rana ɗaya, dole ne ya saita abubuwa uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC, waɗanda aikinsu shi ne tabbatar da cewa saƙon daga sunan da yake iƙirari ya fito, sannan ya ba mutane damar cire sunansu da danna ɗaya, ya kuma cika musu wannan buƙata cikin kwana biyu. Hajiya ba ta kai wannan adadi ba tukuna, amma ina so ka saita mata duka ukun tun yanzu, kuma ka daina aika talla da adireshin Gmail na kyauta, ka yi amfani da adireshin da ke ɗauke da sunan shafin shagonta. Akwai kuma doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba kowa 'yancin ya ce a daina amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla, kuma da zarar ya faɗa dole a daina.

Saboda haka ka goge fayil ɗin nan, ka je shagon Hajiya ka zauna. Duk wanda ya saya, a tambaye shi ko yana so a riƙa sanar da shi idan sabon kaya ya iso, idan ya amince a karɓi adireshinsa. Haka za ka yi da waɗanda take ciniki da su ta WhatsApp, da teloli da dillalan da ke sara a wurinta. Wataƙila a wata guda ka tara ɗari biyu ko uku, ka ga kamar abin ya yi kaɗan, amma ai da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Sunan mai aikowa kuwa ya zama wanda suka saba kiranta da shi a kasuwa, domin sunan da ta yi rajistar kamfani da shi, in ban da ita da banki, babu wanda ya san shi.

Sai bayan wannan ne take yake da amfani. Yawancin mutanenmu a waya suke duba imel, kuma fuskar waya galibi ba ta nuna fiye da harafi talatin zuwa arba'in na take, don haka abin da ya fi muhimmanci shi za ka sa a gaba. Taken da ka aika da shi ranar Litinin, "ALBISHIRINKA!!! BABBAR GARAƁASA TA SAMU", da manyan baƙaƙe da alamar motsin rai har uku, ya yi kama da saƙon 'yan 419 ƙwarai, kuma bai faɗi ko me ake sayarwa ba. Da cewa ka yi "Shaddar Sallah ta iso, kala shida", da telan da ke Idi-Araba ya san da shi ake. Akwai kuma ɗan layin da ke biyo bayan take a akwatin saƙo, wanda kai ka bari babu komai, sai wayar ta cike gurbin da rubutun farko da ta tarar a cikin saƙon. A nan ya kamata ka sa farashin yadi ko ranar da rangwame zai ƙare. Kada kuma take ya yi alkawarin abin da babu shi a ciki, domin za a buɗe sau ɗaya, a karo na biyu kuma a tuna. Idan da Hausa ka rubuta, ka fara aika wa wayarka da ta wani ka ga ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai. Abokan cinikin Hajiya kuwa ba duka ke jin Hausa ba, don haka ka raba su gida biyu tun wurin karɓar adireshi, kowa a aika masa da harshen da ake ciniki da shi.

Game da adadin waɗanda suka buɗe, kada ka ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Yadda ake ƙirga shi shi ne, ana ɓoye wani ɗan mitsitsin hoto a cikin saƙon, idan wayar mutum ta sauke hoton sai a rubuta cewa ya buɗe. Wanda ya hana wayarsa sauke hotuna domin tattalin data zai karanta saƙonka tsaf ba a ƙirga shi ba. Tun watan Satumban 2021 kuma manhajar imel ta Apple take iya sauke hotunan da kanta, ko da mai iPhone ɗin bai ko kalli saƙon ba, sai a rubuta maka cewa ya buɗe. Abin da za ka nuna wa Hajiya shi ne mutum nawa suka danna mahaɗi, wato link ɗin da ke cikin saƙon, nawa suka ba da amsa, nawa kuma suka zo shago suka ce sun ga saƙo.

Cikin saƙon kansa ya zama marar nauyi: hoto biyu ko uku da aka rage girmansu, farashi a rubuce a wajen hoto, da abu ɗaya tak da kake so mai karatu ya yi. Gmail yana datse duk saƙon da rubutunsa da tsarinsa suka wuce kilobayit 102, kuma abin da ke ƙasa shi ake datsewa, inda wurin cire suna yake, wanda kuma ya nemi hanyar fita bai gani ba, ƙorafi zai danna.

Lokacin aikawa ba shi da ƙa'ida ɗaya. Na lura cewa masu aikin ofis suna duba waya da sassafe a cikin motar bas ta BRT ko a cunkoson gadar Third Mainland, 'yan kasuwa kuma sai bayan Isha'i, amma ka gwada da kanka: ka raba mutanen gida biyu, ka aika wa rabi da safe, rabi da dare, ba tare da ka canza wani abu ba, domin idan ka canza take da lokaci a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka dai kauce wa lokacin sallar Juma'a. Sabon adireshi kuma ba a fara aika saƙonni da yawa da shi a rana ɗaya, da kaɗan kaɗan ake farawa har kamfanonin imel su saba da shi, don haka idan tallan Sallah muke hari, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar Alhamis ka zo da sunayen da ka fara tarawa da take uku da ka rubuta wa shaddar nan, mu duba su a wayata kafin a aika wa kowa.