Amsa ga mai son ɗaura wa Hilux bututun iska saboda tsallaka ruwa

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce Hilux ɗinka mai shan gas ce, kana shiga da ita gona a fadamun Wurno da Goronyo, kuma da Agusta ya kama ruwa ke yanke maka hanya, shi ne kake tambaya ko ɗaura mata sinokel, wato bututun nan da ke hawa ta gefen gilashin gaba, zai wadatar. Ka ɗaura, yana da amfani ƙwarai. Sai dai ƙofa ɗaya yake rufewa, alhali ƙofofin da ruwa ke bi suna da yawa.

Yadda motar ta fito daga kamfani, bakin da take shaƙar iska yana cikin madigadi, sama da taya kaɗan. Iska tana matsuwa a cikin inji, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Ko bai cika kofin shayi ba, in ya wuce iya kilina ya faɗa kan fistin, sandar fistin ce za ta lanƙwashe, wani lokaci ma ta huda jikin injin. Injin gas ya fi saurin cutuwa, don matsinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba.

Ka sayi wanda aka yi wa samfurin motarka, na Hilux Vigo ba ya zama a kan Hilux Revo. Ka kuma guji mai araha da robarsa ke ƙyalli kamar bokiti. Ranar Sakkwato da ke haura digiri 40 a Afrilu ƙona irin wannan robar take yi ta tsage, kuma tsagar takan fito ne a wurin da ido bai kai. Irin na kamfanin Safari suna da tsada, amma suna jure rana.

Wajen ɗaurawa ka kai wa fanel bita mai natsuwa. Bututu mai kyau yana zuwa da takardar awo da ake mannawa a jikin madigadi. A cire robar da ke cikin madigadin, a manna takardar, a auna sau biyu kafin a huda, don ramin da aka yanka ba ya komawa. A goge bakin ramukan, a shafa fentin hana tsatsa, a bari ya bushe. Duk mahaɗar da ke tsakanin bututun da akwatin iya kilina a shafa mata silikon sannan a ɗaure da kilif, amma ba silikon ɗin gilashi mai warin tsami ba, wannan yana cin ƙarfe, yana kuma lalata na'urar da ke auna iska. Sannan a duba ƙasan akwatin. Akwai 'yar ƙofar roba da ke zubar da ruwa da ƙura, in ta bushe ta buɗe baki, ta nan ruwan zai shiga kamar ba a ɗaura komai ba.

Kada ka biya kuɗin aiki sai an gwada. A cire kan bututun, a tada mota ba tare da taka totur ba, a rufe bakin da guntun katako mai laushin fuska, ba da tafin hannu ba. Cikin daƙiƙu kaɗan inji ya kamata ya shaƙe. In ya ci gaba da aiki lafiya lau, yana samun iska ta wani wuri, a nemo wurin.

Yanzu ga inda na fi so ka sa hankali, don shi ne mutane ke mantawa. Akzil na gaba da na baya, da giyabos, da akwatin ogzileri mai raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, kowanne yana da ɗan hancin da yake numfashi ta sama. Ka taho daga Sakkwato sun ɗauki zafi, ka tsoma su cikin ruwa mai sanyi, iskar da ke ciki ta tsuke, sai su zuƙo ruwa ta hancin nan ko ta sil. Ba za ka ji komai ba ranar. Sai bayan makonni akzil ya fara kuka, a kwance shi a tarar mai ya koma fari-fari kamar an zuba madara, boris ya ci. Maganin ba tsada: a cire hancin, a sa kan da tiyo zai zauna, a ja tiyo mai faɗin milimita 6 ko 8 wanda ke jure mai har zuwa can sama a ƙarƙashin bonet, a sa masa 'yar matata a ƙarshe. Na baya a bar masa sassauci, don akzil yana hawa da sauka, in aka ja shi tsam zai tsinke. A nisanta shi da salansa.

Mai riwaya kuma ya bi soket-soket na ƙasa ya shafa musu giris ɗin lantarki, ya nuna maka inda ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, take, don ka san tsayin da ruwa ba zai wuce ba.

Toyota ta ƙayyade wa sabuwar Hilux zurfin milimita 700, kusan saman taya ke nan, kuma bututu bai canza wannan ba. Ruwan da ke gudu ma wani abu ne daban. In an saki ruwa daga dam ɗin Goronyo, Gulbin Rima yakan cika ko ba a yi ruwan sama a inda kake ba, ya kwashe yashin mashigin da ka sani jiya. Ka tambayi mutanen ƙauyen, ka sa a taka da sanda. In ruwan yana ture mutum tun a gwiwa, ka haƙura ka juya.

In za ka shiga, ka tsaya kamar minti 15 mota ta huce, ka ɗaura tamfol a gaban lagireto don kada fanka ta sha ruwa ta lanƙwasa ta yanke shi. Ka ɗaura igiyar ja tun a tudu, ka sauke gilasai. Ka sa ogzileri ƙarami, giya ta biyu, tafiya ɗaya ba gudu ba tsayawa, kuma kada ka taka kuloci a tsakiya, laka za ta shige shi. Da ka fita ka riƙa ɗan taka birki har ya bushe.

In kuwa motar ta mutu a cikin ruwa, don Allah kada ka murza makulli. A jawo ta, a buɗe iya kilina. In ya jiƙe, makanike ya cire hita fulogi ko nozul, ya juya injin ruwan ya fita, a canza baƙin mai da matatarsa kafin a sake tada ta.