Dalilin ɓacewar zangarniya mai rassa a hatsin rai

Malam, ka tambayi abin da ya sa hatsin rai (wani hatsi dangin alkama) mai zangarniya mai rassa yakan haifi mai zangarniya miƙaƙƙiya idan aka shuka irinsa. Ƙwayar gadon da ke kawo rassan mai ɓuya ce, ba ta bayyana sai shuka ta gaje ta daga uwa da uba duka. Shi kuwa hatsin rai, wanda ake nomawa sosai a Jamus da Rasha, ba ya barbarar kansa. Iska ce ke kawo masa garin fure daga wata shukar, kamar geronmu na Gombe. Idan wannan shukar ba ta ɗauke da ƙwayar gadon rassan, 'ya'yan farko za su gaje ta daga uwa kawai, shi ya sa suke fitowa da zangarniya miƙaƙƙiya. Idan 'ya'yan farko suka barbari juna, kusan 1 cikin 4 na jikokin za su fito da rassa. Sai dai ina jan hankalinka cewa yawan rassa yakan zo da ƙananan tsaba, don haka a auna nauyin amfanin kafin a zaɓi iri.