An Sayar Mana Da Na'urar Ji Ba Gwaji, Ina Za Mu Kai Kuka?

Salamu alaikum Barista. Ɗana ɗan shekara huɗu ya yi sanƙarau bara. Allah Ya tashi kafaɗarsa, amma tun daga nan ya daina ji, 'yar maganar da ya fara ma ta ɗauke. Wata maƙwabciya ta kai mu wani asibitin kuɗi a nan Kano, wurin wani da ake ce wa dokta, wai ƙwararre ne a kan kunne. Ya tafa hannu sau biyu a bayan yaron, ya haska kunnen da tocila, ya ce na'ura za a sa masa. Sarƙata na sayar muka biya naira dubu 480. Ya ce cikin wata guda zai fara kiran Mama. Yau wata biyu ke nan, na'urar sai ƙara take yi, yaron yana fizge ta yana kuka. Da muka koma sai ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Maigidana ya ce mu bar shi da Allah, ni kuwa abin ya tsaya min a rai. Akwai abin da zan iya yi?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ƙara wa yaron lafiya. Akwai abin yi, kuma lokaci ya fara ƙure miki a wani ɓangaren, shi ya sa zan fara da shi.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai yi aikin da aka saya dominsa ba cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, ko a canza, ko a dawo da kuɗi. Kin riga kin cinye biyu. Zancen kaya in sun fita ba sa dawowa al'adar kasuwa ce, ba ta goge abin da doka ta ba ki. Saboda haka a cikin satin nan ki rubuta masa wasiƙa: ranar da kuka saya, kuɗin da kuka biya, alkawarin da ya yi, halin da na'urar ke ciki, da abin da kike nema. Ki yi kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a kan naki. In sun ƙi karɓa, ki tura ta kamfanin aika saƙo ki adana rasit.

Kada ki miƙa na'urar haka kawai. Na taɓa riƙe wata magana mai kama da taki, uban yaron ya fusata ya ajiye musu kayansu a kan tebur ya yi tafiyarsa. Da muka zo neman kuɗi sai aka ce ba a san da zancen ba. Ba na'ura, ba takarda, ba shaida. Ki ɗauki hoton na'urar da lambar da ke jikinta da kwalinta, kuma in za ki bayar, sai da rubutacciyar shaidar karɓa.

Abu na biyu ba na lauya ba ne, amma shari'arki a kansa za ta tsaya. A kai yaron a yi masa gwaji na gaskiya, a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ana auna ji da na'ura, a fitar da takarda mai nuna ƙarfin sautin da kowane kunne ke kamawa, kuma akwai gwajin da ake yi wa ƙananan yara suna barci. Da wannan sakamakon ake saita na'urar ji. Tafa hannu a bayan yaro bai kai gwaji ba. Kurumtar da sanƙarau ke haddasawa takan yi tsanani har na'urar waje ta kasa, sai dai a duba yiwuwar dashe a cikin kunne, shi kuma jinkiri yana rage masa nasara. Ki roƙi wanda ya duba shi ya rubuta miki abin da ya gani, har da ko wannan na'urar ta dace da yaron. Takardar nan ta fi duk wata magana da zan iya yi a madadinki.

Yanzu ga tambayar da kowa ke tsallakewa: shi wannan dokta, mene ne shi? A wurinmu duk mai farar riga dokta ne, amma doka ta rarrabe. In likitan kunne ne da ya yi karatun likitanci, hukumar likitoci ta MDCN ce ke da iko da shi. In masanin auna ji ne ko mai koyar da furuci, yana ƙarƙashin hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1988. Ita ce ke yi wa masu gashin ƙashi rajista, haka ma masu auna ji da masu gyaran magana, kuma kowannensu sai ya sabunta lasisinsa duk shekara. Ki samo cikakken sunansa daga rasit ko allon asibitin, ki rubuta wa magatakardan hukumar da abin ya shafa ki tambaya ko yana cikin rajista.

In yana ciki, sai ki shigar da koke a rubuce. Akwai kwamitin bincike da zai fara dubawa, ya ba shi damar kare kansa, in ya ga akwai abin tuhuma ya miƙa wa kwamitin ladabtarwa. Hukuncin yana kamawa daga jan kunne har zuwa soke sunansa daga rajista, kuma yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotu. A MDCN ba a karɓar koke sai an haɗa da takardar rantsuwa, kuma ko a ɗaya hukumar ina ba da shawarar a yi ta, don tana nuna da gaske kike. Ki rubuta abin da ya faru filla-filla da ranaku, ba zagi, ba ƙari. Wanda ya rubuta cewa an tafa hannu sau biyu, ba a ba shi takardar sakamako ba, an karɓi kaza ranar kaza, ya fi wanda ya cika shafi uku da azzalumi da macuci samun mai saurare.

Sai dai kada ki ɗora wa waɗannan hukumomi abin da ba nasu ba. Aikinsu tsabtace sana'a, ba biyan diyya ba. Za su iya raba shi da lasisi, ba za su dawo miki da sarƙarki ba, kuma ba sa sauri. Mutane da dama sun zauna jiran kwamiti har wa'adin zuwa kotu ya wuce su. Hanyoyin nan ba sa hana juna, a bi su tare.

In kuwa aka ce ba a san shi ba, kuma abin da kika bayyana ya sa na fi karkata nan, magana ta canza. Ba a soke lasisin da babu. Yin wannan aiki ba rajista laifi ne a dokar hukumar, karɓar kuɗi da sunan ƙwarewar da ba ka da ita kuma zamba ce, maganar 'yan sanda ke nan. A Kano akwai PHIMA, hukumar da ke sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu, tana da ikon bincike da rufe wuri. Shi ma mai asibitin da ya ba shi ɗaki yana da amsar da zai bayar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 30, ta ba kowa damar kai koke kan yadda aka kula da shi a cibiyar lafiya, a kuma bincika.

Batun kuɗi, in wasiƙa ba ta yi aiki ba, ki kai wa FCCPC ko hukumar kare masu saye ta jiha, su kan kira ɓangarorin biyu a sasanta. In hakan ya ci tura, akwai kotun ƙananan da'awowi a Kano, wadda aka tsara don mutum ya iya tsayawa ko ba lauya. Neman diyyar sakaci kuma wani mataki ne daban, mai nauyi. Rashin warkewa kaɗai bai isa ba, sai an nuna ya kauce wa abin da ƙwararre mai hankali zai yi, kuma hakan ya cutar da yaron, wanda ke nufin sai wani masani ya yarda ya zo ya ba da shaida a kan abokin sana'arsa. Ba kowa ke yarda ba. Ban ce ki rufe wannan ƙofar ba, amma mu jira sakamakon sabon gwajin. In hali ya gaza, ofishin Legal Aid, mai ba da taimakon lauya kyauta, yana taimaka wa marasa ƙarfi.

Alkawarin wata guda da ya yi, in akwai shi a WhatsApp, ko rubutu ko murya, kada ki goge kuma kada ki sayar da wayar, domin Dokar Shaida ta 2011 tana karɓar irin wannan bisa sharuɗɗa. In da baki ne, maƙwabciyar da ta raka ku shaida ce, ki yi mata magana tun yanzu, kafin kunyar ita ta kai ku ta sa ta ja baya. Kuma don Allah ki dakata da Facebook. Ɓata suna laifi ne a Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka, na sha ganin mai gaskiya ya wayi gari shi ake tuhuma saboda rubutun da ya yi cikin fushi.

Shi kuma maigida, ki lallaɓa shi ya zauna ku karanta wannan tare. In rasit da sunansa aka rubuta, shi ne mai saye a idon doka, kuma sa hannunsa ake buƙata a wasiƙar da za ta fita satin nan.